Wake Da Yajin Gida, Daga Yukatan Zuwa Nguru

A ƙasar Hausa da ta Barno akwai wani abinci da kowa ke ci, amma ba kowa ke so a gan shi yana ci ba. Wake da shinkafa ke nan, wanda 'yan birni suka laƙaba wa suna garau-garau. Shi ne abincin ɗan makaranta da lebura da mai turin kura, shi ne kuma abin da uwargida kan ɗora idan wata ya yi nisa, aljihun maigida ya bushe. Amma ran da baƙon kunya ya sauka, sai a ga an janye tukunyar waken gefe, an tura yaro kanti ya sayo taliya ko shinkafar waje, watau dai wake bai isa ya fita zaure ba. Wannan raini ba shi da tushe ko kaɗan, akwai kuwa wata ƙasa can ƙetaren Tekun Atlantika wadda halin mutanenta ya isa ya sa mai raina wake ya sake shawara.

Ƙasar ita ce Meksiko, wadda ke kudu da Amurka. A kusurwarta ta kudu maso gabas akwai wani yanki da ake kira Yukatan, ƙasar ƙabilar Maya, babban birninsa kuwa Merida. Mutanen wannan yanki sun ware wa wake rana guda sukutum a cikin mako. Kowace Litinin, a gidajen masu hali da na talakawa da rumfunan masu sayar da abinci, tukunya iri ɗaya akan tarar bisa wuta: baƙin wake da aka dafa da nama har ya yi luguf, wanda da harshen Sifaniya suke kira frijol con puerco, watau wake da alade. Masu ba da labarin asalin al'adar suna cewa a zamanin da babu firiji ran Asabar ake yanka, abin da ya rage sai a barbaɗe shi da gishiri, ran Litinin a jefa cikin wake. Wasu kuma suna cewa Litinin ranar wanki ce, mace tana bukatar tukunyar da za ta dafa kanta ba sai an tsaya a kanta ba.

Alade dai ba abincin Musulmi ba ne, ba kuma shi ne abin dubawa a nan ba. Su kansu mutanen Yukatan ba su san wannan dabba ba sai a ƙarni na 16, sa'ad da Turawan Sifaniya suka ci ƙasar suka zo da ita, alhali kuwa wake da barkono sun daɗe ƙwarai a tukunyarsu kafin nan. Ashe naman baƙo ne a cikin girkin, a ɗauke shi a sa na rago ko na sa, babu abin da zai rushe. Abin da ba ya ɗaukuwa shi ne 'yan ƙananan kwanonin da ake jerawa kewaye da tukunyar. Waken da kansa ba a cika masa kaya: albasa, gishiri, da wani ganyen ƙamshi da suke kira epazote. Daga romonsa akan ɗiba a dafa shinkafa, ta fito baƙa. Sa'an nan a kawo mahaɗai, kowane a mazubinsa. Akwai tumatir da aka gasa har fatarsa ta ƙone, aka daka shi da barkonon nan nasu mai suna habanero, wannan shi ne chiltomate. Akwai ɗanyar albasa da ɗanyen ganye yankakku, da wata 'yar jar saiwa mai ɗan yaji, da lemun tsami, da fiya, da wainar masara mai faɗi da ake naɗe loma da ita. Kowa ya zauna sai ya haɗa nasa gwargwadon bakinsa. Waɗannan mahaɗai na barkono da tumatir su ne suke kira salsa, matar da ta san ciwon kanta kuwa a gida take yin nata, a cikin wani ɗan turmi na baƙin dutse.

A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana, an kuwa bayyana cewa ginshiƙansa uku ne: masara, wake da barkono. Abin da ake ɓoye wa baƙo a Kano, shi wata ƙasa ta kai gaban Majalisar Ɗinkin Duniya tana alfahari da shi.

To, mai karatu da ya taɓa tsayawa gaban mai garau-garau zai ga cewa wannan fasali ba baƙo ba ne a gare shi. Ita ma wake da shinkafa tsura take zubawa, sa'an nan mai, sa'an nan yaji, sa'an nan yankakken tumatir da albasa da ganyen salak ko lansir. Haka ɗan wake yake: ba shi da wani ɗanɗano na a zo a gani sai mai da yaji sun hau kansa. Ba ma sai an je Meksiko ba kafin a ga inda aka ɗaukaka wannan abinci. A Ankara da Kumasi ta ƙasar Gana akwai abincin safe da manya da ƙanana ke bin layi dominsa, sunansa waakye, wanda ba kome ba ne illa kalmar wake ta Hausa. Hausawan zango ne suka kai shi, ana dafa shi da karan dafi domin ya yi ja, ana ci da baƙar miyar barkono da suke kira shito.

Zumuncin da ke tsakanin tukunyar Yukatan da ta Nguru ya wuce kamanni, musaya ce ta tarihi. Barkono da tumatir ba 'yan asalin Afirka ba ne. Daga nahiyar Amurka suka fito bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, jiragen ruwan Turawa, musamman na Fotugal, suka yaɗa barkono zuwa gaɓar Afirka da Asiya. Ita kanta kalmar tumatir, in aka bi sawunta ta cikin Ingilishi da harshen Sifaniya, sai a tarar ta tsaya ga tomatl na mutanen Aztek na Meksiko. Attaruhun da ake kasawa a kasuwar Gashua da habaneron Merida kuwa jinsi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, ƙamshinsu da zafinsu ma sun isa shaida. Kafin zuwan barkono, masoro da kimba da citta su ne ke ba miyar ƙasar nan zafi. Haka gyaɗa, wadda da ita ake man da ƙuli-ƙulin yaji, daga Amurka ta Kudu ta zo.

Wake kuwa akasin hanya ya bi. Irin wanda ake nomawa a nan, wanda ya bambanta da baƙin waken Meksiko, ɗan Afirka ne gaba da baya. Masu tonon kayan tarihi sun sami ƙwayoyinsa a yankin Kintampo na tsakiyar Gana, waɗanda suka haura shekara 3,500. Jiragen cinikin bayi ne suka ƙetara da shi, shi ya sa har yau a Bahiya ta ƙasar Birazil ake toya ƙosai, a kudancin Amurka kuma ake cin wake da shinkafa ranar sabuwar shekara. Har a Yukatan ɗin ana noma shi, suna kiransa espelon. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita.

In kuwa ana neman wurin da duk kayan wannan girki suka taru a ƙofar gida, da wuya a sami kamar arewacin Jihar Yobe, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Barno a 1991. Nguru tsohon mazaunin Galadiman Barno ne, amma abin da ya mai da ita babbar kasuwa shi ne hanyar jirgin ƙasa da ta iso daga Kano a 1930 ta tsaya a nan. Daga tashar ne aka riƙa lodin gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga, da busasshen naman da ya yi suna a kasuwannin Ibadan da Ikko. A kan jigawa ana shuka wake tsakanin gero, ya ba da ƙwaya ga mutum, harawa ga dabba, ya kuma bar wa ƙasa taki, gama saiwarsa tana tara sinadarin da hatsi ke bukata. A fadama kuma, inda ruwan Kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin su haɗu su zama Kogin Yobe su ratsa Gashua, akwai shinkafa da albasa da tumatir da tattasai, akwai tarwaɗa da karfasa da bargi. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Gaskiya ne cewa madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya tafiyar ambaliyar, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama ta cinye gonaki da wuraren su. Duk da haka ba a rasa banda a kasuwar Nguru ba, ba a kuma rasa shinkafa a Gashua ba. Idan aka bi kogin ya gangara ta Geidam zuwa Diffa ta Nijar, nan ne gidan jan tattasai, wanda daraja tasa ta kai hukumomin Nijar suka hana cinikinsa a 2015 don kada kuɗinsa su faɗa hannun 'yan Boko Haram, sai a 2017 aka ɗage hanin.

Girkin wake a kasuwa yake farawa, a nan ne kuma babban haɗarin yake. Ƙwaron wake tun daga gona yake bin ƙwaya, in aka zuba a buhu aka ƙyale, cikin 'yan watanni sai a tarar da huji da gari. Mutanen da suna gauraya shi da toka ko yashi mai laushi su rufe a tukunya ko rumbu. Da ciniki ya bunƙasa sai wasu 'yan kasuwa suka koma yayyafa masa maganin ƙwari, har da irin wanda ake kira fiya-fiya, wanda ba a yi shi domin abin da za a ci ba. Wannan ta'asa ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015, bayan an riƙa samun wannan guba a cikinsa fiye da ƙa'ida, a 2016 kuma ta ƙara wa'adin da shekara uku. Abin tambaya shi ne, waken da Bature ya ƙi, wa ya ci shi? Saboda haka uwargida ta sa hanci kafin ta sa hannu a jaka. Waken da ke tashin warin magani a bar wa mai shi. Wanda ya kai bazara a buɗaɗɗen buhu babu huji ko ɗaya, babu ƙwaro ko ɗaya, shi ma abin tuhuma ne, gara mai 'yan huji kaɗan da za a tsince. Magani kuwa yana nan ba tare da guba ba, watau buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka ƙago, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu masu kauri ne a cikin buhun saƙa, a ɗaure kowace dabam, iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu. Mai ɗan wake kaɗan ko jarka mai murfi ta ishe shi, muddin ya shanya waken ya bushe sarai, ya cika ta har baki, ya toshe.

Idan an sami wake na kirki, ko kanannado ne mai manyan ƙwayoyi, ko aloka, ko jan nan na Barno, sai a tsince shi a wanke. Sabon wake na kaka ba ya ba da wahala. Wanda ya daɗe a ajiye cikin zafi da danshi shi ne mai taurin kai, irinsa gara a jiƙa shi tun da dare. Mata da yawa sukan ba shi tafasa ɗaya su zubar da ruwan fari, dabara ce mai kyau, domin tana rage abin da ke kumbura ciki, amma kada wani ya ɗauka tana wanke guba duka.

Nama shi ke fara hawa wuta. Ba tsoka zalla ake nema ba, wadda za ta bushe ta yi zare-zare. Haƙarƙarin rago ko ƙirji ko ƙashi mai ɓargo, watau inda kitse da jijiya suke, su ne ke narkewa su ba romo jiki. A sa albasa da tafarnuwa da citta da ɗan daddawa, ko ta kalwa ko ta batso wadda mutanen gabas suka fi sabawa da ita. Sai naman ya yi rabin nuna sa'an nan a zuba waken cikin romon, gwangwani huɗu ga gida mai mutum shida ko bakwai, ruwa ya sha kansa da kamar tsawon yatsa. Daga nan sai a janye itace. Wake ba ya son wuta mai harshe, wadda za ta fasa bayansa cikinsa na nan da gari-gari. Tafasa ce ƙasa-ƙasa yake so, kamar ta sa'a guda ko fiye, in ruwa ya ja a ƙara mai zafi. Wanda ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kamar da tsohon wake yake. Inda babu ɗanyen nama, busasshe yana yi, sai dai a jiƙa shi a sa tun farko. A Nguru kuwa bandar tarwaɗa ta fi kome sauƙin samu, hayaƙinta ma yana ba wake wani ƙamshi da nama ba ya bayarwa. A wanke ta da ruwan zafi, a cire ƙaya, amma kada ta shiga sai waken ya kusa sauka, in ba haka ba ta watse a neme ta a rasa.

Akwai kuskure ɗaya da ke ɓata wa amare da yawa rana, shi ne zuba markaɗen tumatir tun waken bai nuna ba. Tsami yana ɗaure fatar wake da ƙwayarsa, sai a ƙone itace har la'asar yana nan tsararo. Kanwa kuwa kishiyar tsami ce, ita ke kwance abin da ya ɗaure, shi ya sa ake kiranta uwar gami. Ita ma 'yar gida ce a wannan yanki, domin daga kwarurukan ƙasar Manga, wajen Maine-Sorowa da Gudumariya a Nijar, da bakin Tafkin Chadi, fatake suka daɗe suna kawo ta, har ta kai ƙasar Yarabawa da ke ce mata kaun da ta Ibo da ke ce mata akanwu. Abin mamaki, mutanen tsakiyar Meksiko su ma suna da tasu, wadda suke kankarowa daga busasshen bakin tafki, suna kiranta tequesquite, aikinta kuma ɗaya ne: tausasa wake da masara. Sai dai kanwa bawa ce mai kyau, uwargijiya ce mummuna. Ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa ya ishi tukunya, a jiƙa a tace don yashi ya zauna. In ta yi yawa waken ya yi duhu, ya yi santsi da ɗanɗanon sabulu, ta kashe wani kashi na bitamin da ke cikinsa, ta kuma ɓata ciki. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, saboda gishirin da ke cikinta. Sabon wake da aka jiƙa ba ya bukatarta sam. Mai sayar da abinci da ke son tukunya ta sauka kafin 'yan makaranta su fito ita ce ta fi yawan cika hannu.

Idan waken ya nuna, sai a ɗebi romonsa a dafa shinkafa dabam, kamar yadda ake yi a Merida, ko kuwa a zuba ta ciki su ƙarasa tare kamar yadda aka saba. Shinkafar Gashua ba ta da abin kushewa in an rege ta da kyau an fid da tsakuwa.

Saura turmi, a nan ne kuwa ake gane gida. Yajin gari shi ne na farko, kowace tsohuwa da nata sirri. Akwai na ƙuli-ƙuli, akwai na daddawa, akwai na tafarnuwa, akwai na jego mai yawan citta da kimba da masoro da kanumfari. Ƙa'idarsu dai ɗaya ce. Barkonon ya bushe ƙarau a kan tabarma ko rufin ɗaki, ba a gefen kwalta ba inda mota ke tayar masa da ƙura, awaki na bi ta kai. A cire masa hanci, a zubar da duk wanda cikinsa ya yi baƙi ko ya yi fumfuna, haka ma ƙuli-ƙulin, gama gyaɗa da barkonon da danshi ya kama suna haifar da wata guba mai lahani ga hanta wadda wuta ba ta kashewa. A fara daka masu tauri, citta da kimba da masoro, sa'an nan barkono da gishiri, a ɗiga ɗan man gyaɗa don kada ƙurar ta tashi ta kori mutanen gida da atishawa. A tankaɗe, a mai da tsakin turmi, a sake. Tattasai busasshe shi ke ba da ja da zaƙi, tsiduhu ko shambo su ba da zafi, gwaninta kuwa ita ce sanin yawan kowane. Yajin da aka ƙulla a leda aka rataye a kasuwa ba a san ranar da aka daka shi ba, ba a san abin da aka ƙara don ya yi auki ba, ba a kuma san ko jan nasa na tattasai ne ko na rini ba.

Na biyu shi ne wanda ya kamata matan ƙasar nan su ara daga Yukatan, domin ba ya cin ko kwabo fiye da abin da ke cikin kwando. Sa'ad da aka janye itace daga ƙarƙashin wake, garwashi yana nan zaune ba aikin kome. A ɗora tumatir huɗu ko biyar nunannu a kansa, da attaruhu biyu, da rabin albasa, da tafarnuwa cikin ɓawonta, a riƙa juyawa har fatarsu ta yi baƙi-baƙi su yi laushi. A kankare ƙunar da ta yi yawa, a bar kaɗan don ƙamshi. A fara daka tafarnuwa da attaruhu da gishiri, sa'an nan albasa, tumatir daga ƙarshe, a murƙushe shi kawai ba a mai da shi ruwa ba. Gashi yana janye ruwan tumatir, ya fito da zaƙinsa, ya kashe ɗanyen warin da ke sa a daɗe ana suya. Mai so ya ba shi tafasa ɗaya cikin cokalin mai, mai so ya ci haka nan. Jajjage ne dai da kowa ya sani, sai dai ya bi ta wuta kafin ya shiga turmi. A lokacin da tumatir ya yi tsada, wajen farkon damina, kauɗa da aka jiƙa da ruwan ɗumi tana tsayawa a madadinsa, da ɗan ruwan tsamiya.

Me ya sa turmi, ga injin markaɗe a kowace unguwa? Inji yana mai da kome ruwa ɗaya mai kumfa, sai an ƙara masa ruwa kafin ya juya, ruwan kuma ba kullum ake sanin daga inda aka ɗebo shi ba, ga sauran markaɗen wanda ya riga a cikinsa. Abin da za a tafasa sa'a guda ba kome, amma abin da za a ci kusan ɗanye ba a kai shi inji. Taɓarya kuwa farfasawa take yi, ta fito da man barkono da na tafarnuwa, ta bar abin da haƙori zai taɓa.

Na uku ba ya bukatar ko turmin: albasa ce a yanka siri-siri, a matse mata lemun tsami, a sa gishiri da ɗan attaruhu, a bar ta kamar rabin sa'a ta yi laushi, zafinta ya kwanta. Duk ɗanyen kaya a wanke shi da ruwa mai tsabta, musamman da damina lokacin amai da gudawa.

Hikimar ajiye waɗannan a gefe ba ta ado ba ce. Gida ɗaya akwai yaro, akwai tsoho, akwai mai gyambon ciki, akwai kuma saurayin da ba ya jin ya ci abinci sai gumi ya karyo masa, tukunya ɗaya ta ishe su duka in zafin yana hannun mai ci. Ban da haka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, idan ya haɗu da hatsi kuma kowane yana cike giɓin ɗan'uwansa. Yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma jiki ba ya iya jansa sosai sai da taimakon bitamin C, wanda ke cikin ɗanyen barkono da tumatir da lemun tsami, wanda kuma doguwar dahuwa ke kashewa. Ga mace mai ciki da yaron da aka yaye, a gidan da nama sai ran kasuwa, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Ɗunƙulen magi ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gishiri ne mafi yawansa, aikinsa kuwa shi ne ya sa waken gidan liman da na gidan sarkin pawa da na tashar mota su zama baki ɗaya, har yarinya ta tashi ta yi aure ba ta san yadda yajin kakarta yake ba.

In an ci an rage, a Nguru ba a wasa da kwanan wake, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi kan haura digiri 40. A sake tafasa shi sosai kafin a kwanta, a rufe, kada a ƙara sa cokali. Da safe mutanen Meksiko sukan dame irin wannan su soya shi da albasa har ya yi kauri, su shafa a wainar masara. Da man gyaɗa ko man shanu haka zai yi a nan, a ci da gurasa ko burodi kafin yara su tafi makaranta. Yajin gari yana wata da watanni a kwalba mai murfi in ba a sa masa jiƙaƙƙen cokali ba. Gasasshen jajjage da albasar lemun tsami kuwa ba sa kwana, gobe sai a hura wani garwashin a daka sabo.